Gyaɗar Kamfanin Mai-Zakara

Takardar ta iso Dantchiao ranar Laraba da hantsi, Hajiya Gumsu tana zaune a ƙofar gida tana tsintar wake a faifai. Ba ta karatun Faransanci, amma ta san tambarin jastis, wato kotu, in ta gan shi, domin ita ce da ƙafarta ta je kotun Magarya tun cikin bazara ta shigar da ƙara. Ta ninke takardar ta soke a bakin zane, ta aika wa ɗanta saƙon murya cewa ya zo ranar Asabar, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ƙarar da ta kai ba wata doguwa ba ce. Marigayi mijinta, Alhaji Kyari, ya bar mata mangaza, ɗakin ajiyar kaya, a bakin hanyar Dungas, ginin siminti mai rufin kwano, babu irinta a garin. Wani kamfanin sayar da irin gyaɗa ya karɓe ta haya. Sunansa na takarda dogo ne, ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da shi. Saboda hoton zakara da ke jikin buhunansa kowa Mai-Zakara yake ce masa. To, shekara uku ke nan da Mai-Zakara ya karye. Direktansa na nan, wani Nassirou, ya danna wa mangazar kwado, ya ce, "Hajiya, ga buhu ɗari da ashirin na iri a ciki, amana, sati biyu zan dawo." Har yau sati biyun nan ba su cika ba. Abin da Gumsu ta nema wajen alƙali shi ne a warware hayar, masu kaya su zo su kwashe kayansu, a ba ta ɗakinta.

Ranar Asabar ɗan nata ya zo a kan babur. Abdoul Razak sunansa, malamin lekol ne, makarantar boko, a Magarya, shekararsa arba'in da ɗoriya, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Da yake shi ne ɗan fari, Gumsu ba ta taɓa kiran sunansa ba, Malam take ce masa. Ya sha ruwa, ya sa tabarau, ya karanta takardar sau biyu, sannan ya cire tabarau ya tsaya yana goge shi da bakin riga.

"Malam, gilashin nan ai ya gogu. Me suka ce?"

"Abu biyu ne, Iya. Na farko, kotun Yamai ta naɗa mutumin da zai tattara duk abin da kamfanin ya bari. Lauyarsa ta ce shari'ar nan ba ta Magarya ba ce, a ɗauke dosiye, takardun ƙarar duka, a kai Yamai, can ake duk maganar kamfanin."

"Na biyu fa?"

"Sun ce sun aiko ma'aikaci cikin damina ya leƙa mangaza. Ya tarar an canza kwado, ciki kuma babu komai. Suna cewa an... an karkatar da kayan."

"Faɗa mini da Hausar da na raine ka da ita."

Ya sunkuyar da kai. "Sata, Iya."

Wallahi da a ce mari ne da ya fi mata sauƙi. Mace ce da ta yi shekara arba'in tana matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli, daga kasuwar Dantchiao har ta Waca ba wanda ya taɓa sake awon abin da ta auna. Yau ga wata yarinya da ba ta taɓa ganinta ba, a garin da ba ta taɓa takawa ba, ta rubuta sunanta kusa da wannan kalma. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Abdoul Razak ya ce, "Ƙarya ce dai, ko? Ɓarayi ne suka shiga ba ki gaya mini ba?"

"Wane ɓarayi? Ni na fasa kwadon. Maƙeri na kira, da rana tsaka, a gaban mai gari."

"Innalillahi! To kayan suna ina?"

"Suna gona."

Sai ta zayyana masa, tana yi tana hararar sa, don abin da take faɗa kowace yarinya mai tallar gyaɗa ta san shi, shi da ya yi boko ne kawai sai an yi masa dalla-dalla. Irin gyaɗa ba dutse ba ne da za ka ajiye ka dawo ka tarar da shi yadda ka bari. In ya shekara ya fara gajiya, in ya yi biyu a cikin zafin kwano rabinsa ya mutu a cikin ɓawo, na uku kuwa ko awaki sai sun yi tunani. Wanda aka ba amanar iri, in mutumin kirki ne, juya shi yake yi. Farkon damina ya ba manoman da ya yarda da su, su shuka, da kaka su mayar masa da sabo, buhu a madadin buhu. Haka kakarta take yi, haka ta ga ana yi tun tana goyon ƙannenta. Damina uku ke nan tana ba mutum sittin da wani abu, daga ƙauyukan Dantchiao har cikin ƙasar Dungas, ba ta taɓa karɓar ko tiya ɗaya a sama ba. Shekarar da ruwa ya yanke wa mutanen gabas, daga gonarta ta cike gurbin.

"Da na bar shi a kulle da yanzu taki za su zo su tarar," in ji ta. "Wannan shi ne riƙon amana a wajenku?"

Abdoul Razak ya dafe kai. Ya san gaskiyarta, ya kuma san takarda. Ya ce, "Iya, a nan kowa zai gane. A Yamai kuwa ba wanda zai ga fuskarki. Alƙali zai buɗe dosiye ya ga layi uku: an ba ta kaya, ta fasa kwado, ɗaki ba komai. Shi ke nan. Tafiyar yini guda cur ce a mota, ba za ki ɗauki mutum sittin ki kai can ba. Maganar tana iya kaiwa ga jandarma."

"Ni ba jandarma ne damuwata ba. A yanke mini hukunci a inda aka san ni. In ɓarauniya ce ni, mutanen nan su ji da kunnensu."

An sa ranar zama nan da sati uku, daidai lokacin da ake cikin cirar gyaɗa, kafin lokacin da aka saba mayar mata da iri da kusan wata guda. Ɗan nata ya ce bari ya zagaya ƙauyuka ya roƙi mutanen su zo shaida. Ta ce ahir.

"In ba mutum iri, sannan in je ƙofarsa ina roƙo ya bar gonarsa da kaka ya zo ya ce ni ba ɓarauniya ba ce? Allah ya sawwaƙe. Ban yarda ba, ka ji na gaya maka."

Ya ce to. Irin "to" ɗin nan ta 'ya'yan da suka girma, wadda uwa take ji ta san ba a gama magana ba, amma ba ta da abin kamawa.

Sati ukun nan Gumsu ba ta fasa komai ba. Ta je kasuwa, ta je suna, ta je gaisuwar mutuwa a Yekuwa, kanta a sama. Labari kuwa ya riga ya zaga gari, ka san bakin mutane. Wasu in ta wuce sai su rage murya. Wata maƙwabciya ta zo jaje har da matsar hawaye, Gumsu ta tambaye ta wa ya mutu. Amma in ta shiga mangaza ita kaɗai don shara, ta ga faɗin ɗakin ba komai sai katakan da ake jera buhu a kai, sai tsoro ya kama ta. Ba ta dai gaya wa kowa ba.

Ranar zama ta sa leshinta mai ruwan toka, ta shiga taksin farko, ta isa Magarya tun kafin a buɗe ƙofar jastis. Ɗan nata ya tarar da ita a kan benci ƙarƙashin itatuwan bedi. Idanunsa sun yi ja, ya rame, wuyan rigarsa duk ƙasa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Matarka ba ta ba ka abinci ne?" Ya zauna kusa da ita.

Lauyar da ta zo daga Yamai, Metir Amira, ba ta kai yadda Gumsu ta zana ta a ranta ba. 'Yar siririya ce mai sanyin murya, har ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Hajiya," da wata Hausa mai ɗan karkata. Gumsu ta amsa a taƙaice. Da aka shiga, lauyar ta yi magana da Faransanci, tafinta yana juyawa. Ta ce doka ta tanadi cewa in kamfani ya karye, duk rigimar da ta shafi dukiyarsa a tara ta gaban kotu ɗaya, in ba haka ba kowa zai ja nasa gefen, mai ƙarfi ya kwashe, mai rauni ya tashi hannu wofi. Ta ce akwai leburori da direbobi da ke jiran haƙƙinsu a cikin abin da ya rage, buhu ɗari da ashirin ɗin nan na cikin abin da suke sa rai. Gumsu ta saurara, ta ji a ranta maganar ba ta banza ba ce, abin ya ƙara ba ta haushi.

Alƙali, wani dattijo mai ƙaramin gemu, ya juyo ya yi mata magana da Hausa kai tsaye.

"Hajiya, ke kika fasa kwado?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kin nemi izinin wani?"

"Wa zan nema? Lambar da aka bar mini shekara uku ba ta shiga. Ruwa kuwa in ya sauka ba ya jiran waya."

Ta ba da labarin juyin iri kamar yadda ta ba ɗanta. Alƙali yana gyaɗa kai, da alama shi ma ɗan manoma ne. Lauyar kuwa ta tambaya cikin ladabi ko akwai takarda, ko sa hannu, ko wani abu da za a iya sawa a dosiye. Babu. Ta tambaya ko yau akwai ko da buhu ɗaya a mangaza. Babu. Ta buɗe hannuwa ta dubi alƙali.

Ana cikin haka hayaniya ta taso daga waje, kukan jakuna da muryar mai gadi yana cewa ba a shigowa da dabba. Alƙali ya aika a dubo. Wanda ya je ya dawo yana ƙoƙarin danne dariya, ya ce, "Ranka ya daɗe, gara ka gani da idonka."

Aka fito baranda. Amalanke ne jere tun daga ƙofar jastis har kwanar gudro, titin kwalta, na shanu da na jakuna, ga wata tsohuwar kamyo, motar kaya, a baya tana huci. Kowanne an ɗaure masa buhuna, tsofaffin buhunan nan masu zakara, wasu an yi musu faci har zakaran ya rasa kai. Mutane kuwa ga su nan da kayan gona a jikinsu, wasu tun jiya suka taso. A gaba akwai Malam Husaini, wani dogon manomi daga wani ƙauye a ƙasar Dungas, wanda shi ya fara karɓar iri a hannunta shekarar farko. Ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce ana neman gyaɗar Mai-Zakara. Ga ta mun kawo."

Gumsu ta juya ta dubi ɗanta. Shi kuwa ya ga wani abu mai ban sha'awa a saman bedi ya kafa masa ido. Yanzu ta gane inda naman jikinsa ya tafi, ashe ƙauyukan da ta hana shi ne ya zagaya. Daɗi da kunya suka kama ta a haɗe.

Alƙali ya ce a sauke a ƙirga a gaban kowa. Aka jera buhuna a farfajiya, magatakarda yana bi yana taɓa kowanne da biro. Ɗari da ashirin cif. Mutane suka ɗauki kabbara. Abdoul Razak ya sauke wata ajiyar zuciya da aka ji ta daga nesa. Lauyar ta buɗe baki za ta yi magana.

"Tsaya tukuna," in ji Gumsu. "Ban karɓa ba."

Ta gyara ɗaurin zane, ta naɗe hannun riga, ta sauka daga baranda. Ta sa a kwance bakin buhun farko, ta cusa hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo daga can ƙasa. Ta kaɗa ƙwaya ɗaya kusa da kunne, ta ji tana ƙara a cikin ɓawo. Ta fasa, ta ciza, ta ce, "Wuce." Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, rana tana dukan kowa, alƙali da lauya suna biye da ita kamar masu koyon sana'a. Da ta zo kan na Malam Husaini, hannunta ya daɗe a ciki. Ta fito da shi ta shinshina. Ta kaɗa, shiru. Ta ciza, haƙori ya nutse.

"Malam Husaini, yaushe ka cire wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Kwana huɗu, Hajiya. Mun ga lokaci ya ƙure ne."

"Ba ta bushe ba. Cikin buhun har ɗumi yake. A ja shi gefe."

Kafin ta gama ta ware buhu goma sha ɗaya. Abdoul Razak ya matso kusa da kunnenta. "Iya, don girman Allah. Lissafi ya cika, an rubuta. Ki bari a tashi daga nan, gobe ma a shanya."

Ba ta rage murya ba, don ba ta iya ba. "In karɓi ɗanyar gyaɗa in jera ta da busasshiya? Kafin sati biyu ta yi funfuna ta kama sauran. Sannan a kai wa leburorin da yarinyar nan ta faɗa ruɓaɓɓen kaya da sunana? Busasshe aka ba ni, busasshe zan mayar." Ta juya wajen magatakarda. "Ɗana, gyara takardarka. Ɗari da tara ne. Sha ɗaya suna wuyana har su bushe."

Malam Husaini, maimakon ya ji haushi, sai ya fashe da dariya ya juya wajen mutanensa. "Ban gaya muku ba? Na ce wallahi ko a gaban gwamna ne sai ta dawo mana da ita!" Dariya ta ɓarke ko'ina, har mai gadin da ya hana jakuna shiga.

Metir Amira ba ta yi dariya ba. Ta tsuguna ta ɗebi gyaɗa daga buhun da aka ware, ta kaɗa a kunne, ta ɗebi busasshiyar ta kaɗa, ta ji bambancin. Ta daɗe tana kallon abin da ke tafin hannunta. Da aka koma ciki ta miƙe, wannan karon da Hausarta mai karkata ta yi magana, ba ta jira tafinta ba. Ta ce ta janye zargin da ta rubuta a kan Hajiya Gumsu, a goge shi, kuma tana neman afuwarta a gaban kowa. Amma maganar haya, ta ce, ba ta da ikon janyewa, doka ce ta ce Yamai.

Alƙali ya jujjuya takardu. Sannan ya ce, "Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, a kan wannan tana da hujja mai ƙarfi. In dosiye ya tafi, mangazarki za ta ƙara jira, wataƙila har wata kakar. Kina da damar ki ƙi, in saurare ki, in yanke abin da na gani. Me kika ce?"

Abdoul Razak ya zuba mata ido, yana jira ta tashi da faɗa. Gumsu ta dubi taga. Mutanen suna nan cunkushe, fuska a kan fuska, Husaini ya fi kowa tsawo, duk sun bar gonakinsu a tsakiyar kaka. Mangazar tana yi mata ciwo, ba ƙarya, ta so ta zuba waken bana a ɗakin da mijinta ya gina. Ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, abin da aka yi yau, za a rubuta shi a sa a ciki? Da sunayen mutanen nan, da ɗari da tara, da sha ɗayan da na ƙi?"

"Duk za a rubuta, ni zan sa hannu."

"To a kai. Da na ƙi ne don babu wanda ya san ni a can. A kai musu su karanta, su ma su san ni."

Ba ta jira a sallame ta ba. Ta fita farfajiya tana kiran Malam Husaini ya nemo tabarmi, tun da sauran rana, a baza gyaɗar nan ta sha iska.